Mutumin da Ke Zaunar da Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma ga Mahaliccinsa a farkon kakar bana, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina gidan aurena a Ƙofa aka bugo min waya. Kafin mota ta sauke ni a ƙauyenmu da ke ƙasar Tudun Wada har an kai shi makwancinsa, maza sun dawo sun jeru a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida maƙil. Na shiga na durƙusa na gaida manya, na samu gefe na zauna, na kasa kunne in ji abin da za a faɗa a kansa. Abin da na ji ne ya sa nake wannan rubutu.

A wurinmu ba a zagin mamaci, amma akwai yabon da gara a zage ka da a yi maka shi. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Allah ya jiƙansa, mutum ne mai haƙuri, ba shi da abokin faɗa." Daga nan sai ta tsaya tana lalube, ta rasa abin da za ta ƙara, ta koma tambayar gajiyar hanya. Babu wadda ta ce ya yi aiki. A garinmu kuwa idan aka tashi yabon mutum aka tsallake aiki, kowa ya san abin da ake nufi. Gwaggona, yayar Baba, ita dama ba ta iya tsallake magana ba.

"Allah sarki," in ji ta, tana gyara mayafi. "Shi kam ko a duniyar bai wahalar da jikinsa ba. Allah ya sa can ma ya dace da inuwa."

Aka amsa da amin, wasu suna danne dariya. Wata tsohuwa da ta zo daga Burumburum ta ce ita dai ba ta taɓa wucewa ta gonarsa da tsakar rana ta same shi a tsaye ba. Wata ta ce ai gidan ƙanwarsa ma ya sha zama, fura kuwa ya sha ta har ya gode Allah. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma gidan makoki ne, kuma dukkansu sun haife ni, sai na haɗiye.

Inna tana can jikin bango ta miƙe ƙafa, hannuwanta a kan cinya. Ba ta yi kuka da sauti ba. Ni hannuwan nata na yi ta kallo, don na manta rabon da in gan su babu komai a cikinsu. Can sai ta ce a hankali, "To, shi ke nan kuma." Mata suka ɗauka maganar rashin ɗan'uwa take yi, suka shiga ba ta haƙuri. Ni kuwa na tsorata, domin Inna tana da hawan jini, kuma mutumin da aka binne ranar shi kaɗai ne a duniya yake iya sa ta ajiye aiki ta zauna.

Mu ba 'yan asalin inda muke ba ne. Iyayenmu suna cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa, lokacin Kawu yana saurayi, Inna tana yarinya. Idan tsofaffi suka zauna hirar tsohon gari, kowa da abin da yake kewa, wani kukar ƙofar gidansu, wani kabarin ubansa. Kawu shi rani yake kewa. Yakan ce, "Ruwan nan ba gari kaɗai ya ci mana ba, har da rani ya haɗa." A da, in ji shi, idan aka kai amfani gida aka rufe rumbu, mutum ya yi sallama da fartanya sai wata daminar. A gyara danga, a je biki, a kai ziyara, bayan da ya sha sunkuyo ya samu ya miƙe. Da ruwa ya zo sai noman rani ya biyo shi. A cire shinkafa a sa tumatir, a cire tumatir a sa albasa, kafin a kwashe albasa hadari ya haɗu. Bai taɓa musun an samu ba. Ya yarda an yi rufin kwano, an sayi babura, yunwa ta ja baya. Tambayarsa ɗaya ce, yaushe za a zauna a ci, kuma babu wanda ya taɓa ba shi amsa sai dariya.

Sana'arsa huɗa ce da shanu. Waɗanda suke cewa ba su taɓa ganinsa a tsaye ba, suna barci lokacin da yake ɗaura wa bijimansa karkiya, tun raɓa ba ta bushe ba. Amma da hantsi ya ɗaga, ya ga shanun sun fara haki suna zubar da yawu, sai ya tsaya ko da a tsakiyar layi ne. Ya kwance su, ya ja su gindin ɗorawa, ya ba su ruwa, shi ma ya cire hula ya miƙe. Na taɓa kai masa abinci gonar wani maƙwabcinmu na tarar mai gonar yana ta sababi.

"Haba Malam, saura kaɗan fa! Ka ƙarasa mana mu huta gaba ɗaya."

"Gonar ba za ta gudu ba," in ji Kawu, ko ido bai buɗe ba. "Ka dawo da la'asar ka gani."

"Wasu masu shanun ai sai azahar suke kwancewa."

"To ka kira su. Ka kuma je ka duba haƙarƙarin shanunsu."

Ba zan ce ya fi kowa yawan gonakin da yake huɗawa ba, ban auna ba. Abin da na gani da idona shi ne layinsa na la'asar miƙewarsa ɗaya da na safe, kuma bijimansa sukan yi damina bayan damina suna aiki, alhali na wasu tun kafin masara ta yi goyo sun rame an kai su wurin mahauta. Haka yake yi wa 'yan ƙwadago idan ya ɗauke su yankan shinkafa. Da an yi azahar sai ya karɓe laujensu ya tara a gefensa, ya ce kowa ya yi ƙailula, ai sunna ce. Sababbi sukan ɗauka wata dabara ce ta rage musu haƙƙi, har sai sun ga ba haka ba ne. Yakan ce musu, "Ku lura da kyau. Duk wanda lauje ya yanka, da yamma ya yanke shi, lokacin da hannu ya gaji, ido ya gaji, mai shi kuma ya ƙi yarda." Akwai wasu samari daga Doguwa da kowace kaka gonarsa suke fara nema, sun zo ta'aziyya ma, su kaɗai na ji an ce sun yi hawaye a ƙofar gida.

Inna kuwa mai gumi ce, wato turara shinkafa kafin a kai ta inji. Wanda bai taɓa yi ba gani yake dafuwa ce kawai. Baba ne ke sayo shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, a buhuna, ita ta wanke, ta jiƙa a ruwan zafi ta kwana, da asuba ta tsame ta zuba a rabin duro, ta rufe da buhu, ta hura wutar ɓuntu a ƙarƙashi. Hayaƙin ɓuntu ba ya tashi ya tafi abinsa, a fuskar mutum yake zama. Idan ta turaru a kwashe ta da zafinta a baza a tamfol, a riƙa bi ana motsawa da ƙafa, ana korar kaji da awaki, kafin nan wani duron ya yi. Tsakanin wannan da wancan akwai tuwo, akwai wanki, akwai ɗiban ruwa. A tsugune Inna take cin abincin rana, idonta na kan wuta. Duk garin ana misali da ita, uwaye suna cewa 'ya'yansu mata su yi koyi da ita, ita kuma ta riƙe wannan suna kamar gado.

Kullum bayan azahar sai ka ji sallamar Kawu. Ya shigo da sandarsa, ya kifa turmi a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, ya zauna.

"Sarkin aiki, zo mu gaisa."

Yayanta ne, shi ya goya ta ranar da suka baro tsohon gari, babu yadda za a yi yana zaune ta ci gaba da kai-kawo a gabansa. Dole ta wanke hannu ta zo ta durƙusa. Shi kuma ya iya jan gaisuwa. Ya tambayi maigida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi akuyar da ta haihu da wadda ba ta haihu ba. Idan ta yunƙura za ta tashi sai ya ce, "Miƙe ƙafarki mana, ni ba hakimi ba ne." Daga nan ya ce a dama fura, idan aka kawo ya tura mata ƙwaryar ya ce ta fara sha, shi haƙoransa ba sa son sanyi. Sannan ya ɗauko labarin tsohon gari, wanda ko mu yara mun haddace shi. Sau da yawa kafin ya kai rabi Inna ta jingina da bango, bakinta ya ɗan buɗe, barci ya ɗauke ta. Kawu ba ya yin shiru. Yakan rage murya ne ya ci gaba da labarinsa shi kaɗai, domin ya san muddin ana jin maganarsa babu wanda zai ƙwala mata kira. Kajin da ke nufar shanya shi yake kora da dogon kara daga inda yake zaune. Sai inuwar darbejiya ta kai bakin rijiya yake yin gyaran murya ya ce, "To, na cinye miki lokaci," ita kuma ta farka tana cewa ai idonta biyu.

Wannan zaman ne ya haɗa shi faɗa da Baba. Baba ba mugu ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga wa Inna murya ba, amma idonsa buhu yake fara gani kafin ya ga mutum. Wata shekara, ina budurwa, damina ta ja baya-baya kowa ya ɗauka ta tafi. Ranar an cika tsakar gida da shanya, Inna ta yi barci a zaune, sai hadari ya taso daga wajen duwatsun Doguwa. Kawu ya gan shi. Ya yi zaton zai wuce, ya kuma ƙi tashin ta. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kafin mu tattara tamfol shinkafar ta sha ruwa, daga baya ta yi baƙi ta yi wari, ba ta sayu ba sai da kyar. Baba ya shigo jiƙe sharkaf, ya tsaya a kan Kawu.

"Yaya, da girmanka. In zumunci ne, akwai Juma'a, akwai salla. Gidana ba majalisa ba ne. Kai ba ka yi ba, ka hana mai yi ta yi."

Kawu ya miƙe ya dafa sandarsa. "Na ga hadarin, Malam, kuma laifina ne. Amma shinkafa ta jiƙe ka shigo da gudu. Matarka kullum tana ƙarewa a gabanka, ban taɓa ganin ka ɗaga ƙafa ba."

Baba ya ce to daga yau kada ya ƙara shigo masa gida da rana. Wannan bai dami Kawu ba kamar abin da ya biyo baya. Inna ce, tana tsugune tana tsince shinkafa daga cikin taɓo, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Yaya, ka yi haƙuri, amma yau kam ka cuce ni." Na ga fuskarsa lokacin. Ya sa hularsa ya fita.

Kakar nan gaba ɗaya bai zo ba, Inna kuwa ta samu yadda take so. Ta ƙara duro, ta rama asarar har da riba, mata suna ta yaba mata. Wata ranar kasuwa da yamma tana kwashe shinkafa jiri ya ɗebe ta, ta faɗi, ruwan zafin ƙasan duron ya kwaro mata a ƙauri. Ni na fara isa wurinta, kuma har yau ina jin warin. A asibitin Tudun Wada aka wanke ƙunar, aka gwada ta aka ce jininta ya hau sosai, aka ba ta magani, aka ce ta riƙa hutawa. Ta ce to. Maganin ta sha, ɗayar maganar kuwa a ƙofar asibitin ta bar ta.

Washegarin da aka sallamo ta, bayan azahar, sai muka ji sallama. Baba yana zaune a zaure. Ya amsa, ya janye ƙafafunsa Kawu ya wuce. Babu wanda ya ba wani haƙuri, ranar ko bayanta. Kawu ya kifa turminsa ya ce, "Sarkin aiki, zo mu gaisa," kamar jiya ya bar gidan, kuma bai sake fashi ba sai da ciwon ajali ya kwantar da shi.

Bayan na yi aure na zo ganin gida, na raka shi har bakin hanya, sai na tsokane shi.

"Kawu, kai ba ka gajiya da labarin tsohon garin nan?"

Ya waiga ya ga babu kowa, ya yi dariya. "'Yar nan, na fi ki gajiya da shi. Furar ma ba ta dame ni ba, uwarki tsami take bari ta yi. Na taɓa ce mata ta huta, ta ce in ta huta wa zai yi. Ita ba ta san a ce mata huta ba, amma ta san a ce mata yayanki ya zo. To ni ke nan nake zuwa. Kada ki kuskura ki faɗa mata."

Ban faɗa mata ba. Ya zaɓi a kira shi mai son jiki, mai bin gidaje don fura, ya ɗauki sunan shekara da shekaru bai taɓa wanke kansa ba, saboda ranar da ya yi bayani ranar dabarar za ta mutu. Wannan ne mutumin da gwaggona take yi wa addu'ar inuwa ana dariya.

Abin da ke ci min rai ke nan da garinmu. Na san mata a layinmu da suka faɗi a bakin murhu ba su tashi ba. Na je makokinsu, na ji yadda ake yabo, "Jaruma ce, ranar da ta rasu ma sai da ta kwashe shanyarta." Ana faɗa ana gyaɗa kai, yara mata suna ji. Babu mai tambayar wa ya bar ta har ta kai haka. Sai an lulluɓe mace sannan kowa yake buɗe baki ya ce Allah ya sa ta huta, alhali da ranta ko kujera ba a taɓa tura mata ba. Ina tsoron ranar da za a yi wa Inna irin wannan yabo, kuma na san waɗanda za su yi shi, na san har inda za su zauna.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa da abin da mutane suka kasa gani. Ya tausaya wa shanu, ya tausaya wa baƙin 'yan ƙwadago, ya tausaya wa ƙanwarsa, Allah ya tausaya masa fiye da haka.

Zaman makokin ya yi wa Inna abin da magani bai yi mata ba. Har aka yi sadakar uku tana zaune, ana kawo mata abinci, tana barcin rana. Kumburin ƙafarta ya saɓe, jan idonta ya ragu. Da muka koma gidanmu muka tarar da buhunan shanshera jibge a zaure har sun kusa taɓa rufi, kaka ce, kowa yana kawo wa Baba ya saya. Tun da yammar ta ɗora ruwan jiƙo.

Na samu Baba na durƙusa na ce a rage mata, ko a nemo masu taya ta. Ya ce, "Ni na sa ta? Je ki gaya mata, in ta yarda ni ba ni da matsala." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo, don ya san ba za ta yarda ba. Na je wurin ƙaramin kawuna, ƙanenta, na roƙe shi ya riƙa leƙa ta da rana. Ya ce, "Ni? Ai ni in na je a tsaye take amsa gaisuwata, ta miƙo min bokiti in ɗebo mata ruwa." Na lissafa duk danginmu na rasa wanda ya girme ta da zai iya zuwa. Saura ni, kuma jibi zan koma Ƙofa.

Ni 'yar fari ce. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama wuri ɗaya da ni mu yi hira ba, in tana da saƙo ta bakin wani take bi. Ban taɓa jin haushi ba, haka na tashi na ga ana yi, kuma na san ba ƙi ba ne. Amma washegari na ce bari in gwada. Da na idar da azahar na ɗauko tabarma na shimfiɗa a inuwa, na dama fura, na zauna. Tana bakin duro ta juya min baya, ta cika kwano da shinkafa mai tururi.

"Inna," na ce. "Ga fura na dama. Ki zo ki ɗan zauna."

Ta tsaya cak. Ta daɗe a haka, har na fara sa rai. Sai na ga ta miƙa hannu ta dafa bango, ta rufe ido, tana jiran jiri ya sake ta. Da ya sake ta, ta ɗora kwanon a ka, ta kira ƙanwata da ke wanke-wanke a bakin rijiya.

"Auta, ce wa waccan ta ɗauke tabarmar nan, ta tare min hanya."

Na tashi na naɗe tabarmar, na matsa mata ta wuce.